Tambaya da Amsa: Manhajata ta yi gum a kan IPv6

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na rubuta wata 'yar manhaja da C mai haɗawa da saba (server), a wajena tana aiki lafiya lau, amma da aka gwada ta a netwok mai IPv6 zalla sai ta yi gum. Wani ya ce wai in yi soket (mahaɗar da manhaja ke bi ta shiga netwok) da bai damu da irin furotokol ba, ni dai ban gane ba. Dan Allah sai na rubuta kodi biyu kenan, na IPv4 daban na IPv6 daban?

Amsa: Wa alaikumus salam. A'a ɗan'uwa, kar ka ɗora wa kanka wannan wahalar, kodi ɗaya ya isa.

Ko ban ga kodinka ba na san abin da ke ciki: gethostbyname, sai sockaddr_in, sai AF_INET da ka rubuta da hannunka, dukkansu na IPv4 ne. Haka aka koya wa yawancinmu. Abin ban dariyar ma shi ne, waɗanda suka fito da soket a 4.2BSD tun 1983 sun bar ƙofa a buɗe, don connect da bind ba ruwansu da irin adireshin, a ba su shi da tsawonsa kawai, mu ne muka zo muka kulle komai a kan bit 32 na adireshin IPv4, toh da IPv6 ya zo da bit 128 ina zai zauna?

Maganin shi ne getaddrinfo. Ka ba shi sunan saba da lambar fot, a wajen nau'in adireshi ka sa AF_UNSPEC, ma'ana duk wanda aka samu ina so. Zai dawo maka da jerin adiresoshi, kowanne ɗauke da abubuwa ukun da socket ke buƙata (nau'in adireshi, nau'in soket da furotokol), kai naka kawai ka miƙa, ka gwada connect, in ya ƙi ka rufe soket ɗin ka matsa na gaba. Nan ne mutane da yawa ke zamewa wallahi, sai su ɗauki na farko su watsar da sauran, ranar da na farkon ya zama IPv6 a netwok ɗin da hanyarsa ta lalace shikenan an koma gidan jiya. In ka gama kar ka manta freeaddrinfo, shi ke sakin memorin da jerin ya riƙe.

Akwai kuma ƙananan tarkuna. In za ka ajiye adireshin wanda ya shigo ta accept, yi amfani da sockaddr_storage, an yi shi ne ya ɗauki kowane iri. In kana maida adireshi rubutu, gurbin harafi 16 da ka saba ba zai isa ba, IPv6 na son 46, ka bar inet_ntoa ka koma getnameinfo. Sai masu raba adireshi da fot ta hanyar neman alamar ɗigo biyu (:), ai adireshin IPv6 cike yake da ita, shi ya sa ake rubuta [::1]:8080.

In watarana ka rubuta sabar da kanka, lura da IPV6_V6ONLY, zaɓin da ke sa soket ɗin IPv6 ya karɓi masu IPv6 kaɗai. A Linux galibi soket ɗin IPv6 na karɓar masu IPv4 ma, sai ka gansu kamar ::ffff:192.0.2.1, a Windows kuma sai ka kashe zaɓin tukuna. Ni dai na fi son a saita shi ƙarara, ko a buɗe soket biyu a huta.

Kuma ba sabon abu ba ne fa, tun Yunin 2016 Apple ya wajabta wa manhajojin App Store su yi aiki a netwok mai IPv6 zalla. In ba dole ne C ba, socket.create_connection na Python da net.Dial na Go duk suna yi maka wannan zagayen da kansu. In kuwa C ɗin ce, buɗe kodinka yau ka nemi duk inda AF_INET ya fito, daga nan za ka fara gyara.