Ogan ƙanwata a sojan Amurka yana matsa mata da neman lalata, ina mafita?

'Yar'uwa, kin ce tana tsoron kai ƙara don kada a taka mata ci gaba. Tsoron nata yana da dalili, don a bariki wanda ke damun ka sau da yawa shi ne ke sa hannu a takardar ƙarin girmanka.

Abu na farko, kada ta goge komai. Saƙon waya na tsakar dare, ranar da ya tsare ta a ofis, wanda ya gani, duk ta rubuta ta adana a wani wuri daban, ba a wayar aiki ba.

Idan har ya kai ga taɓa jikinta, ta nemi jami'in SARC na sansaninsu, wato jami'in da ke taimaka wa waɗanda aka ci zarafinsu ta hanyar lalata. Akwai rahoton sirri, wanda za ta samu likita da mai ba da shawara ba tare da an buɗe bincike ba, akwai kuma na fili. Tana iya fara da na sirrin, daga baya ta sauya.

Bayan kisan Vanessa Guillén, wata sojar Amurka da ta koka cewa ana matsa mata da neman lalata, a 2020 an gyara doka. Tun ƙarshen 2023 lauyoyin soja masu cin gashin kansu ne ke yanke shawarar gurfanarwa kan fyaɗe, ba kwamanda ba. Ke dai kada ki tambaye ta me ya sa ta yi shiru.