Kanikancin Mako: In yi wa difaranshal ɗin motata walda?

Tambaya: Oga, barka da aiki. Ina da Hilux mai jan baya kawai, ina ɗauko shinkafa da ita daga fadamar Haɗeja. Da damina ta sauka sai ta kafe a taɓo, taya ɗaya na ta juyawa a banza, ɗayar ko motsi. Wani yaron gareji ya ce in kawo a yi wa difaranshal walda, magana ta ƙare. In yarda? Daga wani manomi, Auyo.

Amsa: Alhaji, kar ka yarda. Na taɓa yi wa wani irin wannan aikin ina yaron gareji, bai yi wata biyu ba aksil ya karye masa a kwana, da buhu goma sha biyar a baya. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Motarka ba ta lalace ba, haka aka ƙera ta. Aikin difaranshal shi ne ya bar tayar waje ta fi ta ciki gudu in ana shan kwana. Illarsa, ƙarfin da yake ba tayoyin biyu daidai yake, kuma ba ya wuce abin da mai santsi za ta iya riƙewa. Shi ya sa ta cikin laka ke watsa maka ruwa, ta kan tudu kuma tana kallo. Walda za ta ɗaure su tare har abada, to a kwalta fa? Taya za ta riƙa ƙara tana cinyewa, sitiyari ya ƙi bin ka.

Kafin ka kashe ko sisi, a ɗaga bayan motar da jak, giya a firi, ka juya taya ɗaya da hannu. In ɗayar ta bi ta gefe guda, akwai LSD, wato difaranshal mai hana taya ɗaya juyawa a banza, mai faifan kuloci a ciki, wataƙila ya gaji ne ko an zuba masa man da ba nasa ba. Man giya mai alamar LS yake so. In ta juya baya, galibi na gama-gari ne.

Ni dai abin da zan sa maka shi ne mai haƙoran giya zalla, irin Truetrac na kamfanin Eaton. Ba shi da faifan da zai cinye, ba ruwansa da mai na musamman, a kwalta ma ba za ka san yana nan ba. Rauninsa ɗaya: in taya ta tashi sama gaba ɗaya, sai ya saki. Dabarar ita ce ka ɗan ja birkin hannu kana ba ta wuta a hankali, zai kama.

Akwai mai kullewa da maɓalli, irin na ARB da ke aiki da iska. Ya fi ƙarfi a kwazazzabo, amma da tsada, ga kwamfireso ga tiyo, kuma in yaron motarka ya manta bai buɗe shi a kwalta ba, kun koma matsalar da walda ke jawowa.

In za ka kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa ko Panteka nema, tafi da bakanikenka da tsohon difaranshal ɗin a hannu, a ƙirga haƙoran aksil a tabbatar sun yi daidai. Sannan ka dubi tayoyin nan naka. Na san manoma, sai taya ta yi sanƙo kuke canzawa.