Aikin da ya cancanci kuɗi a kan bulok ɗin inji

Malam, ka tambayi aikin da ya kamata a yi wa bulok ɗin injin da ka kwance, wato gangar jikin injin mai ɗauke da ramukan silinda. Shawarata ita ce kada a yanki ƙarfe sai an wanke shi, an duba tsagewa, an auna shi. Idan farce yana maƙalewa a bakin silinda, ko awo ya wuce ƙa'idar kamfani, a faɗaɗa ramin da milimita 0.25 ko 0.50, amma a fara sayen fistocin, domin da su ake daidaita shi. Goge bangon silinda da dutsen washi kuwa wajibi ne, in ba haka ba sababbin ringin fistocin ba za su zauna ba, injin ya riƙa shan baƙin mai. Ba a share fuskar bulok, wato a kankare samanta da inji don ta miƙe, sai ta lanƙwashe.