Ruwan sama yana cinye mini gefen intalok

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan da na shimfiɗa intalok daga ƙofar gida zuwa inda nake ajiye mota. Tun daminar bara gefensa ya fara zaizayewa, wasu tubalan sun lotsa, ruwa kuma yana kwanciya a gindin katanga. Magini ya ce in malale ko'ina da siminti a huta. In bi shawararsa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, dakata da sayen simintin nan. Ruwa ne ya rasa hanya ya yi wa kansa, kuma in ka malale tsakar gida ba ka rage shi ba, gudu ka ƙara masa.

Fara ɗaga kai ka dubi rufinka. Ruwan sama na milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ne cif. To rufi mai murabba'in mita 100, in aka sheƙa milimita 30, abin da ba baƙo ba ne a watan Agusta, zai zubo da lita 3,000, wato duro 15. In duk wannan indararo ɗaya yake bi ya faɗo a gefen intalok, yashin da aka ɗora tubalan a kai ne zai fara tafiya. Tubali kuwa da ƙasansa ya rarake, tayar mota ta hau, sai ya lotsa. Don haka ka sa wa bakin kwano makwarari da bututu, ka kai ruwan tanki ko lambatu. Inda ba hali, a jibge duwatsu da tsakuwa daidai inda yake faɗowa.

Sai gangare. Daɓen ya riƙa sauka santimita 2 a kowace mita, yana nesanta da gini. Ba a auna wannan da ido. Magini ya ɗauko tiyon ruwa da igiya. A ɗaga tubalan da suka zauna, a zuba marmara a daddaɓe ta hawa-hawa, sannan yashi. Gefen kuma a ɗaure shi da kankare, a nan ne simintinka zai yi amfani.

Inda ƙasa take tsirara, dasa ciyawar jema a jere, a gicciye da gangaren. Saiwarta tana nutsawa sosai, tana riƙe ƙasa.

Wanda ya fi damuna shi ne ruwan gindin katanga, domin shi ke jiƙa harsashin gini har bango ya tsage. In unguwarku ba magudana, haƙa rami ka cika da duwatsu ya tsotse ruwan, amma ya yi nisan aƙalla mita 5 da gini, kuma nesa da rijiya da shadda. Don Allah kada ka karkatar da shi gidan maƙwabci.

Babban aikin ka bar shi sai rani. Yanzu dai, ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, ɗauki lema ka fita ka ga inda yake bi, ka kafa turaku don maginin ya gani.