Amsar tambayar na'urar gano rada

Assalamu alaikum 'yan gida. Ku yi haƙuri da ƙarar da kuke ji, na faka ne a gidan mai ina jiran a cika min tanki. Ƙanina, na saurari muryarka tun daren jiya. Ka ce ka sayi mota, kana zaune a jihar Merilan ta Amurka, aiki kuma ya kan kai ka jihar Bajiniya sau uku a mako, kana tambayar wace na'urar gano radar 'yan sanda mai auna gudun mota za ka saya, kuma ko ka haɗa da ta toshe leza (ɗaya bindigar da suke auna gudu da ita) gaba ɗaya. Da farko Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya.

To ka ga Bajiniyar nan da ka ambata, ita ce ta ɓata lissafin. Duk faɗin Amurka, mai ƙaramar mota ta kansa yana da damar liƙa wannan na'ura, ban da wuri biyu: Bajiniya da birnin Washinton. Sai kuma cikin barikin soja. Kai kuma hanyarka ta ratsa Bajiniya da Washinton ɗin. A Bajiniya ba sai an kama ta a kunne ba, ko a kashe take, muddin tana inda hannunka zai kai kuma akwai wutar da za a jona ta, ka shiga laifi. Sai dai ka cire ka jefa a but. Kuma kar wani ya ce maka ai ɓoyewa ake yi. Suna da tasu na'urar, Spectre, aikinta kenan shinshino masu irin wannan. Akwai masu tsada da ba ta cika kama su ba, amma ɗan sanda ai yana da ido, igiyar caji da shatin roba a gilashin gaba ma sun isa.

Mu masu tirela kuwa maganar ba ta taso ba. Tun 1994 gwamnatin tarayya ta hana amfani da ita a duk motar haya da nauyinta ya haura fam 10,000, kowace jiha kake. Na faɗa ne saboda samarin da ke neman lasisin manyan motoci a gidan nan.

Yauwa, bari in gaya maka yadda abin yake aiki, don yawanci nan ake ruɗin mutane. Ita na'urar nan kunne ce kawai. Bindigar rada tana watsa igiya, igiyar ta bugi motarka ta koma, daga nan a san gudunka. Igiyar tana bazuwa kamar hasken tocila, tana dukan allon hanya da jikin wasu motoci, shi ya sa na'urarka kan jiyo ta tun daga nesa. Iri uku ne: X, K, da Ka. X ta tsufa, ba kasafai ake gamuwa da ita ba. Idan ka ji Ka, ɗaga ƙafa, kusan kullum ɗan sanda ne. K ita ce mai ciwon kai, domin ƙofofin kantuna masu buɗe kansu da ita suke aiki, haka na'urar da ke gefen sabbin motoci mai gaya wa direba akwai mota a inda madubi ba ya nunawa.

Ni wannan K ɗin ce ta ci ni. Shekarun baya, kafin in fara tirela, na sayi wata 'yar arha, ko dala 60 ba ta kai ba. Wallahi kamar tsuntsu a keji, tsit-tsit-tsit daga gida har wurin aiki. Na wuce kantin magani ta yi kuka, na bi bayan wata jif ta yi kuka. Kwana goma na gaji na rage mata murya. Ranar da ta yi kukan gaskiya ban ko waiwaye ta ba, sai fitila ja da shuɗi na gani a madubi. Jami'in ya leƙo, ya kalli abin a gilashi, ya kalle ni, bai ce komai ba ya koma ya rubuto. Ina da yaƙinin da babu ita da gargaɗi kawai zai min. Tara daban, inshora kuma ta hau ta zauna min shekara uku.

Don haka wanda ke jihar da aka yarda, in zai saya ya sayi ta kirki. Uniden R7 ko R8, Valentine One, ko manyan Escort. Suna da kibiya mai nuna ta gaba abin yake ko ta baya, kuma ana iya koya musu su yi shiru a ƙofar kantin da ka saba wucewa. Ka tanadi dala 500 zuwa sama. A ɗaura ta can sama kusa da madubin tsakiya, a miƙe. Duk da haka, in ɗan sanda ya kashe bindigarsa sai ka matso sannan ya danna, kukan da za ka ji na jaje ne, sai dai in ya fara danna wa na gabanka.

Leza kuwa wata duniya ce. Haskenta siriri ne, a nisan ƙafa 1,000 faɗinsa bai fi ƙafa 3 ba, lambar motarka ko fitila ake saitawa, kuma kafin daƙiƙa ɗaya ta cika an gama karanta gudunka. Shi ya sa aka ƙirƙiro mai toshewa: ƙananan kawuna da ake dasawa a hancin mota, su mayar da haske su rikita bindigar. Da kuɗin ɗaurawa za ka haura dala 1,000. Bajiniya ta hana, Kalifoniya ta hana, Teksas, Ilinoy da Minesota ma haka, da wasu. Ta toshe rada kuma, wadda ake tallatawa a intanet da arha, wannan laifin tarayya ne a ko'ina, kar ka ko danna hoton.

Abin da ya fi damuna da kai shi ne wannan, ka buɗe kunne. A Bajiniya, in ka haura ƙa'ida da mil 20, ko ka wuce mil 85 a awa ko nawa ne ƙa'idar hanyar, ba tikitin da ake biya a waya ba ne. Tuƙin ganganci ne, kotu za ka tsaya, hukuncinsa na iya kaiwa wata 12 a gidan yari da tarar dala 2,500, kuma yana zama a fayil ɗinka. Kai da takardunka ba su gama fitowa ba. A kan babbar hanyar I-95 inda allo ya ce 70, ba ka ankara ba maleji ya taɓa 86.

Ni dai da ni ne kai, manhajar waya ta Waze zan kunna, kyauta ce, direbobi ke sanar da juna inda aka laɓe, in saita mota ta riƙe gudunta da kanta, kuɗin in sayi taya huɗu masu kyau kafin ƙanƙara ta sauko. Alhaji na Toronto, na ga ka tambaya kai ma: a lardinku na Ontariyo a Kanada na'urar gano rada haramun ce, ƙwacewa suke yi. Bari in matsa, na bayana ya fara danna min oda.