Shin 'yan kasuwar Sakkwato za su iya sa majalisa ta bi diddigin Babban Banki?

Tambaya: Assalamu alaikum, Barista. Ni ɗan kasuwa ne a Sakkwato, ina sayen albasa a hannun manoma a wajejen Goronyo da Wurno in yi lodi zuwa Kudu. Lokacin canjin kuɗi mun ga ta kanmu: manomi ya ce ba ya karɓar taransifa, banki ba kuɗi, mai POS kuma yana sayar mana da kuɗinmu. Har yau ba wanda ya zo ya yi mana bayanin yadda aka yanke wannan shawara. Ni da abokan sana'a mun fara zama, muna so mu matsa wa 'yan majalisarmu su riƙa sa ido a kan Babban Banki. Wasu sun ce mu nufi majalisar jiha, wasu sun ce kotu, wani ma cewa ya yi mu yi wa ɗan majalisa kiranye. Doka ta ba mu wannan dama? Ta ina za mu fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar da alheri a kan abin da aka yi asara. Doka ta ba ku dama, kuma ba kwa buƙatar izinin kowa. Sashe na 39 da na 40 na Tsarin Mulkin 1999 sun ba ku 'yancin faɗar albarkacin bakinku da na haɗuwa don kare muradunku. Matsalar ita ce wurin da za ku kai kukan, da abin da za ku nema idan kun isa.

Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato ba ta da hurumi a kan wannan magana. Harkar bankuna da ta takardun kuɗi suna cikin jerin abubuwan da Tsarin Mulki ya keɓe wa Majalisar Tarayya ita kaɗai. Iyakar abin da majalisar jiha za ta yi shi ne ta zartar da ƙudurin kira ga Abuja, wanda ba ya ɗaure kowa. Reshen Babban Banki da ke nan Sakkwato ma umarni yake bi, ba shi ke tsara manufa ba. Mutanenku a wannan batu su ne sanatoci 3 da 'yan Majalisar Wakilai 11 da jihar ke da su.

Abin da zan fi ja muku kunne a kai shi ne kada ku je wurinsu da "muna so a sa ido". Duk ɗan siyasa zai amsa muku da insha Allahu, a ɗauki hoto, a ba ku kuɗin mota, magana ta mutu. Ku je da abin da doka ta riga ta wajabta, wanda ke da lokaci, wanda za a iya dubawa a ce an yi ko ba a yi ba. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 tana da irin waɗannan da dama, sai dai ba a cika tuna su ba.

Sashe na 8 ya ce gwamnan bankin zai bayyana gaban Majalisar Tarayya sau biyu a shekara, ya yi bayanin manufofin kuɗi da halin da tattalin arziki ke ciki. Sashe na 50 ya ce cikin wata biyu bayan rufe shekarar kuɗi, bankin zai miƙa wa majalisa da shugaban ƙasa lissafinsa na shekara wanda mai binciken kuɗi ya tantance. Kowa zai ɗauka wannan abu ne mai sauƙi, amma lissafin shekarun 2016 zuwa 2022 sai a watan Agustan 2023 aka fito da shi ga jama'a a dunƙule, bayan an dakatar da gwamnan bankin na lokacin, Godwin Emefiele. Shekara bakwai ke nan, kuma duk tsawon lokacin akwai majalisa, akwai kwamitocin harkar banki, ana biyan kowa albashinsa.

Sai sashe na 38, wanda a ganina shi ya fi taɓa aljihun talaka. Kamar yadda aka rubuta shi a 2007, ya yarda bankin ya ranta wa gwamnatin tarayya kuɗi na wucin gadi idan ta samu giɓi, da sharaɗin kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar da ta samu a shekarar da ta gabata, kuma a biya kafin shekara ta ƙare. Bashin ya yi ta taruwa har ya kai naira tiriliyan 22.7, sannan a watan Mayun 2023 majalisa ta amince a mayar da shi bashi na dogon zango. Idan aka zuba irin wannan kuɗi a kasuwa ba tare da kayan da ake samarwa sun ƙaru ba, darajar naira ce ke zubewa. Kai da ke biyan kuɗin buhu da na dako da na mota zuwa Legas ka fi ni sanin yadda hakan ke ƙarewa.

Shi kansa canjin kuɗin da ya ƙona ku, sashe na 20 ya ba bankin ikon janye takardun kuɗi, amma da umarnin shugaban ƙasa da kuma isasshen wa'adi. An sanar da sauya naira 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen Oktoban 2022, sababbin suka fara yawo a tsakiyar Disamba, aka sa 31 ga Janairun 2023 a matsayin ranar ƙarshe, daga baya aka ƙara kwana 10. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka garzaya Kotun Ƙoli, wasu jihohin suka bi sahu, kuma ranar 3 ga Maris 2023 kotun ta ce ba a ba da isasshen wa'adi ba, tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki. To ga abin nema ƙarara: a gyara sashen a rubuta adadin watanni, maimakon a bar wa mutum ɗaya ya fassara abin da ake nufi da "isasshe".

Majalisa kuwa tana da haƙora idan ta so cizo. Sashe na 88 da na 89 na Tsarin Mulki sun ba ta ikon bincike, da aika sammaci, da neman takardu, har da ba da umarnin kamo wanda ya ƙi amsa kira ba da uzuri ba. A Janairun 2023, da Majalisar Wakilai ta yi barazanar amfani da wannan iko, gwamnan bankin na lokacin ya bayyana gaban kwamitin da Alhassan Ado Doguwa ya jagoranta. Majalisar Dattawa ce kuma ke tantance gwamna da mataimakansa, kuma shugaban ƙasa ba zai tsige shi ba sai da goyon bayan kashi biyu bisa uku na sanatoci. Saboda haka idan wakilinku ya ce muku bankin mai cin gashin kansa ne, ba yadda za su yi da shi, ku ce masa gaskiya ne doka ta ba shi 'yanci wajen gudanar da aikinsa, amma ba ta yafe masa ba da bahasi ba.

A aikace, ku rubuta takardar koke da Turanci, shafi ɗaya ko biyu, cikin ladabi, ba zagi ba zargin da ba ku da hujjarsa. Ku faɗi ko ku su wane ne, abin da ya same ku, da buƙatu biyu ko uku. Kowa ya sa suna da sa hannu ko dangwale, da mazaɓarsa. Ku haɗa da shaida ta zahiri: rasiɗin mai POS, takardar lodi, bayanin asusun da ke nuna kuɗi na ciki amma ba a iya cirewa ba. A bisa tsarin majalisa, ɗan majalisa ne ke gabatar da koke a zauren, sannan a tura wa kwamitin koke-koken jama'a. Ku kai ofishinsa na mazaɓa, ku sa a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan kofinku. Wannan kofin ku adana shi kamar takardar fili. Ku aika wani ga shugabannin kwamitocin harkar banki na majalisun biyu, kuma duk lokacin da aka yi shelar zaman sauraron ra'ayin jama'a a kan gyaran dokar bankin, ku tura matsayarku a rubuce ko da ba za ku iya zuwa Abuja ba.

Akwai kuma hanyar da ba ta bi ta hannun ɗan majalisa, wato Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Kowane ɗayanku zai iya rubuta wa Babban Banki ya nemi takamaiman bayani, ba sai ya faɗi dalili ba. Misali, nawa aka turo wa bankunan Jihar Sakkwato na sababbin kuɗi tsakanin Disamban 2022 da Maris 2023. Suna da kwana 7 su amsa, ana iya ƙara musu wasu 7 a wasu yanayi. Idan suka yi shiru, doka ta ɗauka sun ƙi, kuma kuna da kwana 30 ku shigar da ƙara. Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumi a kan Babban Banki, kuma tana zama a Sakkwato. Za su iya fakewa da sirrin abokan hulɗa ko tsaron ƙasa, don haka ku nemi alƙaluma a jimlace, kada ku nemi sunan kowa.

Wannan ita ce ƙarar da nake ganin za ta iya yin tasiri. Amma ƙarar neman diyyar albasar da ta ruɓe ko cinikin da ya wuce, ba zan ba ka shawarar zuba kuɗinka a ciki ba. Tabbatar da cewa manufar ce kai tsaye ta jawo asarar mutum ɗaya abu ne mai wuya, ga dokar da ke kare hukumomi tana sa gajeren wa'adi na shigar da ƙara, kuma shekaru sun ja.

Kiranye kuma yana nan a sashe na 69 na Tsarin Mulki, sai dai sharaɗinsa ya yi tsauri: sa hannun fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓar, INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Na Sanata Dino Melaye a Kogi ta Yamma tun a matakin tantancewa ya rushe a 2018. Ku ajiye wannan, ranar zaɓe ta fi sauƙi.

Kada kuma ku riƙe wa ɗan majalisa ko hadiminsa wani abu a hannu da sunan na goro. Dokar ICPC ta 2000, ta yaƙi da cin hanci, ta hukunta mai bayarwa kamar yadda ta hukunta mai karɓa. A Facebook da gidajen rediyo ku tsaya kan abin da ke rubuce, domin kiran mutum ɓarawo kafin kotu ta faɗa yana iya jawo muku ƙarar ɓata suna.

Nawa ra'ayin, kada fushi ya sa ku nemi a miƙa wa 'yan siyasa ikon yanka kuɗin ruwa ko farashin dala. Yawancin ɓarnar da aka gani ta samo asali ne daga kusancin bankin da masu mulki, ba daga nisansa da su ba. Ku nemi a buɗe littafi, a riƙa zaman nan na sau biyu a shekara a bainar jama'a, a sa hukunci ga wanda ya ƙetare iyakar bashi.

Game da taron naku, koke ba ya buƙatar rajista. Amma idan kuna so ku shiga kotu da sunan ƙungiya ko ku buɗe asusun tara gudummawa, sai kun yi rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ƙarƙashin Dokar Kamfanoni ta 2020. Kafin a kammala wannan, mutum biyu ko uku daga cikinku za su iya sa hannu a takardar neman bayanan da sunayensu, kuma ku samu lauya ya duba ta kafin ta tafi, saboda kwana 30 ɗin nan ba sa jiran kowa.