Ku Tambayi Lauya: Nawa Ake Biyan Lauya a Legas?

Wasiƙu huɗu na zaɓo wannan watan, kuma duk kuɗin lauya ne ya haɗa su. Shekarata goma sha huɗu ina zirga-zirga tsakanin kotunan Ikeja da Ogba da Yaba, kuma abu ɗaya nake gani ga mutanenmu. Mutumin da zai yi rabin awa yana taya buhun albasa, da ya shiga ofishin lauya ya ga littattafai jere a bango, sai kunya ta ɗaure masa baki. Ya biya abin da aka faɗa, ya fito ba takarda.

Tambaya ta farko, daga wani dillalin albasa a Mile 12

Assalamu alaikum Barista. Shekara biyu da rabi ke nan wani mutum ya karɓi kayana na naira miliyan 3 da dubu 800 ya ƙi biya. Na ɗauki lauya, ya ce in ba shi dubu 400, na ba shi. Amma duk ranar zaman kotu sai ya ce in turo dubu 20, ko da ɗage shari'ar aka yi. Na ƙirga zama 14. Ba mu rubuta komai ba. Cutata yake yi, ko haka abin yake?

Amsa

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya fito maka da haƙƙinka. Bari mu fara da lissafi: dubu 20 sau 14 dubu 280 ke nan, a haɗa da dubu 400, ka kashe dubu 680 kana bin miliyan 3 da dubu 800, kuma har yanzu ba hukunci.

Ba zan ce cutarka yake yi ba don ya karɓi kuɗin zama. Al'ada ce sananniya a garin nan. Lauyan da zai fito tun asuba ya sha cunkoson titin Ikorodu, ya zauna har azahar kafin a kira shari'arsa, ranarsa ta tafi ko an saurara ko an ɗage. Inda na ga laifinsa shi ne bai gaya maka tun farko ba, kuma bai rubuta ba. Kun yi cinikin biri a sama.

Kuɗin da ke fita daga aljihun mai shari'a kashi uku ne, kuma rikici yakan taso ne idan aka cuɗa su. Akwai ladan lauya na aikinsa. Akwai kuɗin zama, wanda wasu ke kira kuɗin mota ko kuɗin mai. Sai kuɗin kotu: na shigar da ƙara, na rantsuwa, na kai sammaci. Wannan na ƙarshen ba na lauya ba ne, rajistaran kotu ke yanke shi, kuma ana ba da rasit. Duk wanda ya ce maka ya biya kuɗin kotu, ce masa ya nuna rasit. Ba rashin ladabi ba ne.

Shi kuma ladan, hanyoyin yanke shi sun bambanta. Wadda mutanenmu suka fi haɗuwa da ita ita ce ta dunƙule, a ce shari'ar nan kaza ce. To amma kaza ɗin zuwa ina? Zuwa hukunci? Har da bin kadin hukuncin, wato a tura ma'aikatan kotu su kwashe kayan wanda aka ci? Domin cin shari'a daban, karɓo kuɗi daban, kuma ɗaukaka ƙara sabon ciniki ne. Manyan ofisoshin Victoria Island da Ikoyi, masu aiki da bankuna da kamfanonin mai, su da awa suke lissafi, har wayar da ka buga ana rubuta mintocinta. Akwai kuɗin riƙo, inda kamfani ko ƙungiya ke biyan lauya duk wata ko duk shekara ya zama nasu. Wannan na daɗe ina ba shugabannin kasuwanninmu shawara a kai, domin idan dillalai ɗari suka haɗa hannu, abin da kowa zai bayar bai kai kuɗin dakon mota ɗaya ba. Sai kuma kaso cikin ɗari, wanda zan zo kansa a ƙasa.

Farashin ma ba a sake yake ba. A watan Mayun 2023, lokacin Abubakar Malami yana ministan shari'a, aka fitar da sabon tsarin ladan lauyoyi wanda ya maye gurbin na 1991. Ya raba jihohi gida uku, ya sa Legas da Abuja a gida mafi tsada. A nan, mafi ƙarancin kuɗin ganawa don neman shawara naira dubu 30 ne ga lauyan da bai kai shekara 10 da fara aiki ba, dubu 200 ga wanda ya kai, dubu 300 ga mai lambar SAN, wato lambar girma ta manyan lauyoyi. Ƙasan farashi ke nan, ba samansa ba. Kuma tsarin ya wajabta wa lauya ya ba ka sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin kwana 14 da karɓar aikin. Wannan takardar ce ba ka samu ba.

Ga abin da ya fi yi mini ciwo a wasiƙarka. Tun 2018 jihar Legas ta buɗe kotun ƙananan basussuka a cikin kotunan majistare, don bashin da bai wuce naira miliyan 5 ba. An tsara ta ne a gama cikin kwana 60, kuma mutum na iya tsayawa da bakinsa kamar yadda muka saba a gaban alƙali a gida. Takardar neman biya ake fara aikawa, a jira kwana 14, sannan a cike fom. Ba kullum ake cika kwana 60 ɗin ba, gaskiya, amma ina kwana 60 ina shekara biyu da rabi? Bashinka ya shiga wannan ma'aunin, kuma lauya mai tsoron Allah zai faɗa maka tun ranar farko, ko da hakan zai rage masa samu.

Yanzu ka je ofishinsa da wani ɗanka mai karatu. Ka ce ya rubuta maka abin da ka biya, da matakin da shari'ar take, da abin da ya rage. Ku yi yarjejeniya a kan ragowar, ku sa hannu. Ka riƙa zuwa kotun da kanka, ka ji da kunnenka wa ya nemi ɗagewar, in Turancin ya yi nauyi ka nemi tafinta. Idan ka ga ba haza, kana da ikon sauya lauya, sai dai ka sani zai iya riƙe fayil ɗinka har ka biya abin da yake binka na gaskiya. Idan shi ne ya ce yana binka, Dokar Lauyoyi ta hana shi kai ka ƙara sai ya ba ka lissafi dalla-dalla da sa hannunsa, an kuma cika wata ɗaya. A cikin wannan wata ɗayan za ka iya roƙon babbar kotu ta duba lissafin ta rage abin da ya wuce kima.

Tambaya ta biyu, daga wata Hajiya mai atamfa a Idi-Araba

Barista, abu biyu ne. Na kama shago naira dubu 900 a shekara, ejan ya karɓi dubu 90 na la'ada da wata dubu 90 wai ta agiriman, alhali ban ga lauya ba, takarda biyu kawai aka miƙo mini. Sannan zan sayi fili a Ikorodu miliyan 6, lauya ya ce dubu 600. Ba su yi yawa ba?

Amsa

Hajiya, Allah ya sa albarka a kasuwa. Kan shagon, ɗauko takardar ki duba. Idan lauya ne ya rubuta ta, za ki ga sunansa da hatimin ƙungiyar lauyoyi ta NBA manne a jiki, mai ɗauke da lambarsa. Idan babu, to a shagon kwamfuta aka buga ta, kuma kuɗin agiriman ɗin la'ada ce ta biyu aka sauya mata suna. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ma cewa ta yi wanda ya ɗauko ƙwararre shi zai biya shi. Wato idan lauyan mai gida ne, mai gida ya kamata ya biya. Na san yadda garin yake, in kin yi gardama akwai mutum biyar a bayanki da kuɗi a hannu. Amma ko ba ki karɓo kuɗinki ba, ki nemi rasit ɗin kowane kashi daban.

Kan filin kuwa, lauyan bai zarce ba. Tsarin 2023 ya sa kashi 10 cikin ɗari ga kadarar da ba ta kai miliyan 50 ba, daga nan kason yake raguwa. Ana samun masu karɓar ƙasa da haka, amma ni ba farashin nake so ki tsaya a kai ba, abin da za a yi miki da kuɗin nake so ki tambaya. Zai je ofishin filaye na Alausa ya bincika? Zai kai taswirar filin ofishin safiyo janar a tabbatar ba ya cikin ƙasar da gwamnati ta karɓe? Idan filin gado ne na dangi, kamar yawancin filayen wajen Ikorodu, zai tabbatar shugaban dangin da manyansu sun sa hannu? Domin in babu hannun shugaban dangi, cinikin banza ne. Na taɓa zama da wani dattijo da ya ga lauya tsada ne, ya biya wasu samari miliyan 4 a kan rasit ɗin hannu. Da ya kai bulo ya tarar da katangar wani. Hawayen mutumin nan ban manta su ba.

Kuma lauyan ya zama naki, ba na mai sayarwa ba. Kuɗin amincewar gwamna, wanda dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta wajabta, da harajin hatimi da rajista, duk na gwamnati ne, ba sa cikin dubu 600 ɗin sai in an rubuta haka.

Tambaya ta uku, daga wani matuƙin keke a Agege

Yallaɓai, an kama ƙanina cikin kamen dare. Wani lauya a bakin caji ofis ya ce in kawo dubu 150, rabi nasa, rabi na mutanen ciki. Ba ni da su.

Amsa

Ƙanina, kada ka sayar da kekenka. Beli kyauta ne a doka, kuma lauyan da ya ce rabi na mutanen ciki ne cin hanci yake gayyatarka, ba aikin lauya ba. Ka tabbatar ma lauyan ne, domin baƙar kwat ba shaida ba ce, ka tambayi cikakken sunansa da ofishinsa.

Gobe da sassafe ka nufi ofishin lauyoyin talakawa na jihar Legas, wanda aka fi sani da OPD. An kafa shi a 2000, babban ofishinsa na Surulere, kuma ba sa karɓar ladan lauya. Ba sa tambayar jihar da ka fito. Akwai kuma hukumar ba da agajin shari'a ta tarayya, wadda take aiki tun 1976. Ka tafi da cikakken sunan yaron, da ranar da aka kama shi, da inda yake tsare. Tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu kusa, kuma a Legas babu inda ba kusa ba. Ka sanar da sarkin Hausawan unguwarku, don a samu mai adireshi tsayayye da zai tsaya masa. Mace ma tana iya tsayawa, kada a ce maka ba ta iyawa.

Tambaya ta huɗu, daga wani ma'aikacin masana'anta a Ikeja

Barista, injin kamfani ya cinye mini yatsu uku, suka ba ni dubu 100 suka sallame ni. Wani lauya ya ce ba sai na biya komai ba, amma in an ci zai ɗauki kashi 30 cikin ɗari. Ya halatta?

Amsa

Sannu Malam, Allah ya ba ka lafiya. A dokar aikinmu ya halatta a shari'ar neman haƙƙi irin taka, an hana shi ne a kare wanda ake tuhuma da laifi. Ga wanda ba shi da abin biya, sau da yawa ita ce kaɗai ƙofar shiga kotu, kuma lauyan yana ɗaukar kasada, domin in an faɗi ya yi aikin banza. Ban ga kashi 30 a matsayin zalunci kai tsaye ba, amma taya shi, ba haramun ba ne.

Kafin ka sa hannu, takardar ta amsa waɗannan. Wa zai biya kuɗin kotu da na rahoton likita yanzu, kuma idan an faɗi, bashi ne a kanka? Kason nasa kafin a cire waɗannan kuɗaɗen za a lissafa ko bayan an cire? Idan kamfanin ya nemi sulhu bayan wasiƙa ɗaya tak, kashi 30 ɗin na nan, ko zai ragu? A rubuta kuma cewa ba zai karɓi sulhu ba sai da yardarka. Idan diyyar ta biyo ta hannunsa, amana ce, dole ya ajiye ta a asusun masu shari'a, ba ya haɗa ta da kuɗinsa. Wanda ya ci irin wannan kuɗin ana kai ƙararsa reshen NBA, har ta kai kwamitin ladabtar da lauyoyi, wanda ke da ikon soke sunan mutum daga aikin.

Ka tambaye shi ko kamfanin ya yi maka rajista da asusun inshorar ma'aikata na NSITF ƙarƙashin dokar diyyar ma'aikata ta 2010, domin akwai wa'adin shigar da buƙata, kada a yi sanya. Shari'ar irin wannan kotun ma'aikata ta ƙasa ake kai ta, tana nan Ikoyi. Ka adana katin asibiti, da katin shaidar aiki, da hoton hannun. Idan sun sa ka dangwala yatsa a wata takarda ranar da suka ba ka dubu 100 ɗin, ka nemi kwafinta ka kai wa lauyan tun kafin ya rubuta musu wasiƙar farko.